Likitan da Baba Ya Naɗa

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Laraba a Wurno ba, kuma ko na so in manta, mutanen garin ba za su bar ni ba. Ranar ce na tsaya gaban ɗalibai da malamai da iyayen yara, ga babana a sahun gaba, na nuna wa jama'a hanyoyin neman abinci har guda bakwai, alhali ni mai nunawar ko guda ɗaya ban taka ba.

Bari in faro daga tushe. Ni dai saikoloji na karanta a jami'a, wato ilimin halayyar ɗan Adam. Ba shi na nema ba. Likitanci na cika a takarda, makina bai kai ba, aka turo ni nan, na karɓa don kada in ƙara shekara a gida. Daga baya karatun ya shiga raina sosai, amma wannan wani zance ne. Abin lura shi ne, Baba ya san da maganar likitancin farko, bai kuma taɓa samun cikakken labarin yadda ta ƙare ba.

Baba manomin albasa ne a Rimawa, ƙasar Goronyo. Noman rani yake yi da ruwan madatsa, kuma da albasar nan ya riƙe karatuna tun daga firamare har na sa hular gama jami'a. Wani hutu ina aji biyu a jami'a, muna zaune bakin gona, ya dube ni ya ce, "Wai kai mi kaka karantawa can?"

Na gyara zama na ce, "Baba, karatun hankalin mutum ne. Yadda yake tunani, da abin da ke damun zuciyarsa, da yadda za a taimake shi."

Sai fuskarsa ta washe. Ya ce, "Ashe dai likitan ne anka ba ka. Likitan hankali!"

A nan ya kamata in ce a'a. Kalma ɗaya ce, ko numfashi biyu ba ta ci. Amma na ga yadda haƙoransa suka bayyana, na ga ya juya yana neman wanda zai gaya wa a gonar maƙwabta, sai kawai na yi murmushi na sunkuyar da kai (irin sunkuyawar nan da ake ɗauka kunya ce ta ɗan kirki, alhali ƙarya ce ke neman wurin zama). Kafin in koma makaranta, duk Rimawa ba mai kirana da sunana. Likita a masallaci, Likita a kasuwa, har tsofaffin da suka goya ni Likita suke cewa. Ni kuma ina amsawa.

Gaskiyar da na sani sarai ita ce, digiri na farko a saikoloji bai ba mutum ikon duba marar lafiya ba. Wanda ake kira likitan ƙwaƙwalwa, mai rubuta magani, likitanci ya fara karantawa sannan ya ƙware a wannan fanni. Mu kuwa, wanda ke son aikin asibiti sai ya koma ya yi digiri na biyu a ɓangaren kula da masu larura, ya zauna ƙarƙashin ƙwararre yana koyo, sannan a yarda ya zauna da mutum shi kaɗai. Ko bayan nan ma ba ya rubuta magani. Malamanmu sun nanata mana wannan har ya gundure mu. Ni dai ban nanata wa kowa ba a gida.

Da na gama bautar ƙasa na dawo, sai zama ya ƙi ni. Wata goma sha ɗaya na yi ina kai da komo kamar wanda ya ajiye abu ya manta inda ya sa shi. Akwai wani tudu kusa da hanyar ruwan gonaki inda sabis ke kamawa da kyau, to nan ne ofishina. Da hantsi in hau, in buɗe waya, in duba ko an kira ni, in sauko. Kafin azahar in sake hawa. Kowane mako da sabuwar shawarar da nake yankewa, kuma kowace sai in rantse ita ce ta ƙarshe. Wannan makon digiri na biyu zan yi in shiga asibiti. Mako mai zuwa a'a, ai hanyar ta yi tsawo, gara in yi diflomar koyarwa in zama mai ba ɗalibai shawara a makaranta. Kwana uku sai in ji wani abokin karatunmu ya samu aiki a wani kamfani, sashen kula da ma'aikata, yana sa kwat yana zama cikin sanyi, sai in kwana ina ganin kaina cikin kwat. In wayi gari in ga motar wata ƙungiyar agaji ta wuce wajen 'yan gudun hijira, sai in ce ai nan ne ma aka fi bukatar irina. Na fara cika fom ɗin shiga aikin gidan gyaran hali, na tsaya a wurin da aka tambayi faɗin ƙirji. Na fara rubuta tsarin binciken da zan yi in zama malamin jami'a, na tsaya a shafi na biyu. Fom nawa na fara ban gama ba, Allah kaɗai ya sani. Barci ya ƙaurace mini, abinci sai in tsakura in ture, ƙafata kuwa ta koyi wata rawa da take yi ita kaɗai ko ina zaune cikin mutane.

Duk wanda ya gamu da ni tambayarsa ɗaya ce: "Likita, yaushe za a hwara aiki?" Ni kuma amsata ɗaya: "Ana nan ana shiri."

Ana cikin haka sai ga kiran Malam Lawali. Shi ya koya mana Turanci a sakandare a Wurno, yanzu kuma shi ne shugaban makarantar. Ya ce sun shirya ranar wayar wa ɗalibai kai kan zaɓen sana'a, sun gayyato ma'aikaciyar jinya da malamin gona da wasu, suna son tsohon ɗalibi ya zo ya yi bayanin abin da mai karatun saikoloji zai iya zama. Sai ya ƙara da cewa, "Na ji labari ka zama likitan ƙwaƙwalwa. Mun yi alfahari da kai."

Na ce, "To Malam, ana dai ƙoƙari." (Ku lura, ban ce e ba, ban ce a'a ba. A wannan fanni kam na riga na yi digirin digirgir.)

Kwana huɗu na yi ina shiri. Na sayo babban kwali fari, na zana itace mai rassa bakwai, kowane reshe da sunansa. Na sa aka wanke mini shaddata ruwan toka mai babban aljihu a ƙirji, aka buge ta har tana ɗaukar ido. Niyyata in sulale ni kaɗai, amma labari ya riga ya kai kunnen Baba. Ranar ban-ruwa ce, ranar da ko ɗaurin aure ba ya zuwa, amma ya bar wa ƙanena injin, ya naɗa rawaninsa na Juma'a, ya ce, "Ɗana za shi yi jawabi gaban malamai, ni ina gona? Tayar da babur."

An jera kujeru da bencina ƙarƙashin itatuwan dogon yaro, 'yan mata gefe guda, maza gefe guda, iyaye da baƙi a gaba. An hayo lasifika irin mai taya ɗin nan, da makirufo biyu, ɗaya mai igiya a kan tebur, ɗaya marar igiya wanda ake riƙewa a zaga da shi. Ni marar igiyar na zaɓa, don na ga masu jawabi a talabijin suna tafiya suna magana. Malam Lawali ya gabatar da ni da sunan da Baba ya naɗa mini, aka tafa, na miƙe.

In faɗi gaskiya, jawabin ya yi kyau. Ai wata goma sha ɗaya na yi ina bitarsa a kan tudu. Na kafe kwalina a jikin allo na bi rassan ɗaya bayan ɗaya. Ga reshen asibiti, inda ake zama da mai damuwa a saurare shi a taimaka masa ya dawo hayyacinsa. Ga reshen makaranta, inda ake jagorantar ɗalibi kamar su. Ga na kamfanoni, masu neman wanda ya iya zaɓen ma'aikata da sasanta su. Ga na ƙungiyoyin agaji, ga na gidan gyaran hali da cibiyoyin raba matasa da shaye-shaye, ga na jami'an tsaro, ga na bincike da koyarwa a jami'a. Ina zagawa ina nuni da ɗan yatsa, ina jefa Turanci jefi-jefi. Har na tsaya na ɗaga murya na ce, "Babbar doka a aikinmu ita ce riƙe sirri. Abin da aka faɗa a ɗakinmu, bango ma ba ya ji!" Aka sake tafawa. Na saci kallon Baba, na ga yana gyaɗa kai yana duban na kusa da shi, don su tabbatar ɗan waye ke magana.

Abu ɗaya kawai na tsallake, wato ƙarin karatun da reshen asibiti ke bukata.

Da aka ba da damar tambaya, wata yarinya 'yar aji shida ta miƙe, siririya mai tabarau, ta ce, "Malam, to kai cikin rassan ga wanne kaka bisa?"

Ga Baba yana kallona, ga Malam Lawali yana murmushi. Hannuna ya ɗaga da kansa ya sauka kan reshen farko. Na ce, "Nan nake. Asibiti."

Ban rufe baki ba sai wani dattijo ya taso daga can baya wajen ƙofar shiga, yana tafe yana gyara wata tsohuwar riga ta masu gadi. Baba Altine ke nan, maigadin makarantar. Daga baya na ji cewa shi da iyalinsa gudun hijira ya kawo su Wurno daga wani ƙauye bayan Gandi, ƙasar Rabah, Malam Lawali ya ba shi gadi da ɗan ɗaki a bakin ƙofa. Ya zo gabana ya rusuna, dattijon da ya kusa haihuwar babana, ya ce, "Likita, Allah ne ya kawo ka. Iyalina ba lahiya, kuma irin ciwon da ka hwaɗi na. Tun ranar da ɓarayin daji sunka tashe mu ba ta kwana, ba ta cin abinci sai an matsa, magana sai da ƙyar. Wata takwas ke nan. Mun yi rubutu, mun yi hayaƙi. Don Allah ka diba mani ita."

Na buɗe baki in ce wani abu, ban san ko mene ne ba, sai na ji muryar Baba daga sahun gaba, cike da natsuwa: "Tahi ka diba ta mana. Ai don haka anka yi karatun."

Malam Lawali ya ce a yi hutun minti goma a sha ruwa, ya ba ni mabuɗin ofishin malamai da ke bayan taron, shi kuma ya wuce tarbar wani baƙo da motarsa ta tsaya a bakin ƙofa. Ni kuwa, cikin ruɗewa, na cusa makirufon nan a aljihun ƙirjina na bi bayan Baba Altine kamar wanda za a kai wa alƙali.

Ya shiga ɗakinsu ya taso matar, muka wuce ofishin tare. Inna Hajo sunanta. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce cikin koɗaɗɗen hijabi. Na nuna mata kujera, ta wuce ta zauna a ƙasa ta jingina da bango. Mijinta ya tsuguna a lungu. Janareta na ta ruri a gindin taga, ba a jin komai na waje. Na ja kujera na zauna, na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, na ciro biro da takarda, na shiga lalubo abin da ya rage a kaina na karatun aji uku a jami'a. Wasu jerin tambayoyi na tuno, waɗanda muka haddace da Turanci don cin jarrabawa. Na shiga juya su zuwa Hausa nan take.

Na ce, "Inna, a cikin mako biyun da suka wuce, sau nawa kika ji ba ki sha'awar abin da kika saba sha'awa? Ko sau ɗaya babu, ko wasu kwanaki, ko fiye da rabin kwanakin?"

Ko motsi ba ta yi ba.

Na yi gyaran murya. "To, idan aka ce daga ɗaya zuwa goma, a ina baƙin cikinki ya tsaya?"

Matar da aka kora daga gidanta da bindiga, ita nake cewa ta ba baƙin cikinta maki kamar jarrabawar lissafi. Ina jin tambayar ta fita daga bakina na san na yi wauta. Na dubi takardata, ba komai a kai sai kwanan wata. Ƙafata kuma ta kama rawar nan tata, har kujerar na ƙara. Na yi tambaya ta uku, ta huɗu, kowace ta fi ta baya rashin kan gado. A karon farko abin ya tsaya mini a rai sosai: wannan ba wasan suna ba ne a bakin masallaci. Ga mutum a gabana da ciwo na gaske, an taso ta daga ɗakinta saboda ƙaryata, kuma ba ni da abin ba ta.

Da na ɗago, sai na ga ba ƙasa take kallo ba. Ƙafata take kallo. Daga nan ta ɗago ta dubi idona, ta daɗe tana dubawa. Sai ta yi magana, ƙasa-ƙasa, da wata murya kamar ta wanda ya daɗe bai sha ruwa ba.

"Ɗan nan, kai ma ba ka kwana."

Na ce, "Na'am?"

"Idonka ya nuna. Na san irin shi. Mi ka damunka?"

Jama'a, wata goma sha ɗaya ana tambayata yaushe zan fara aiki. Ba wanda ya taɓa tambayata abin da ke damuna. Ban san lokacin da biro ya faɗi ba. Sai kawai na fashe da kuka. Ba irin hawayen nan na maza da ake sharewa da gefen hula ba. Kuka sosai, mai shessheƙa da jan hanci.

Na ce, "Inna, wallahi ni ba likita ba ne! Ko allura ban iya ba. Digiri ɗaya gare ni, shi kuma bai ba ni ikon duba kowa ba, sai na koma na ƙaro karatu na zauna ƙarƙashin waɗanda suka iya. Ba ni da aikin komai. Itacen can da na zana, ko reshe ɗaya ban hau ba, a gindi nake ina zagaye. Kullum sai in ce gobe zan gaya wa Baba gaskiya, in na ga fuskarsa sai in kasa. Ya bar ban-ruwa ya biyo ni, ga shi can ya sha rawani yana jiran in warkar da ke, ni kuwa ko kaina ban iya wa ba!"

Na ciro hankici na fyace hanci da ƙarfi.

Inna Hajo ta matso kaɗan tana cewa, "Yi shiru, yi shiru. Allah shina nan. Yi shiru, ɗana." Baba Altine ya saki baki a lungu, ya rasa wanda zai kalla tsakanin likitan da ke kuka da marar lafiyar da ke rarrashi.

Sai aka banko ƙofa ba ko sallama. Malama Luba ce, ma'aikaciyar jinyar da aka gayyato tare da ni, tana haki, ta nuna ƙirjina da yatsa ta ce, "Kashe abin ga! Kashe shi, dut duniya na jin ka!"

Na sunkuya na dubi aljihuna. Wata 'yar koriyar fitila na haskawa ta cikin shaddar.

Ashe tun daga "mako biyun da suka wuce" har zuwa fyace hancin, komai ya fita ta lasifika, tas, kamar wa'azin Juma'a. Da farko jama'a sun ɗauka cikin shirin ne, wai likita na nuna yadda ake aiki, har wasu malamai na cewa yara su yi shiru su koya. Mai lasifikar ya tafi shan ruwa, Malam Lawali na bakin ƙofa da baƙonsa. Sai da kuka ya fara sannan Malama Luba ta gane, ta murɗa wani maɓalli don ta kashe, ashe na ƙara murya ne. Abu ɗaya da nake gode wa Allah a kai har gobe, muryar Inna Hajo ba ta fita ba, don a hankali take magana kuma tana nesa da aljihuna. Sirrin mutum ɗaya ne kawai ya tonu a ranar, na wanda ya gama cewa bango ma ba ya ji.

Tsakanin ofishin nan da wurin taro bai fi taku talatin ba, amma ban taɓa yin tafiya mai nisanta ba. 'Yan mata sun cusa fuska cikin hijabi, kafaɗunsu na rawa. Samari sun kifa kai a kan benci. Wani malami ya juya baya yana tari na ƙarya. Baba kuwa yana zaune yadda na bar shi, ɗoɗar, idonsa na kan takalminsa. Na duba hagu da dama ina neman ta inda zan bi in kai ga babur.

Malam Lawali ne ya tare ni. Ya miƙo hannu, na ba shi makirufon, ya duba shi, sai ya mayar mini. Ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "Jama'a sun ji rabi. Zo ka ƙarasa musu, yanzu da gaskiya. Yaran nan don su ji hanya sunka zauna."

Haka na koma gaban kwalina da jajayen idanu. Na ce reshen farko ba nawa ba ne tukuna, na faɗi abin da ake bukata kafin a hau shi. Na bambanta musu likitan ƙwaƙwalwa da masanin halayya. Na gaya musu wane reshe ne digiri ɗaya kan iya kai mutum, wane ne sai da ƙari, kuma ko wanda digiri ɗaya ya isa, ba ya zuwa ya iske mutum a kan tudu yana latsa waya. Abin mamaki, tambayoyin da suka biyo baya sun fi na farko ma'ana. Yarinyar nan mai tabarau ta sake miƙewa ta tambayi darussan da ya kamata ta dage a kai, ta rubuta amsar a littafinta (ko da yake bakinta na ta motsi, tana danne dariya).

Dariyar yara ba ita ta fi yi mini ciwo ba. Da taro ya watse na je bakin ƙofa na durƙusa gaban Baba Altine na roƙi gafara. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Allah shi yahe muna baki ɗai. Amma da ka hwaɗi tun hwarko, da ban tashe ta ba. Ba ƙaramin aiki na yi ba kahin ta yarda ta hito." Wannan maganar ta fi mako tana yi mini yawo a kai. Malama Luba ce ta ɗauki ragamar abin, ta zauna da su ta yi musu bayanin asibitin ƙwaƙwalwa da ke kusa da birni, ta rubuta musu takarda, ta sa rana. Ni kuma na roƙa a bar ni in raka su, ko don riƙe jaka.

Muka kama hanyar komawa, ina tuƙi, Baba na bayana. Sai da muka iso gona wajen la'asar, ya sauka, ya warware rawaninsa ya naɗe shi a hannu, ya zaga ya duba ko ruwa ya kai kowane fangali, sannan ya dawo ya tsaya gabana.

Ya ce, "Ni na naɗa maka sunan, kai kuma ka amsa. Mu biyu munka yi ta yaɗa shi. Amma ni ban san ƙarya ba ce, kai ka sani."

Na ce, "Haka ne, Baba. Ka yi haƙuri."

"Cikin bakwai ɗin ga, wanne kaka so?"

"Ai kowanne akwai irin nasa amfanin, idan aka duba ta wani ɓangaren..."

"Ban tambaye ka amfaninsu ba. Jawabi ya ƙare. Wanne?"

Fuskar Inna Hajo ta faɗo mini, da takardar nan da ba komai a kanta sai kwanan wata. Na ce, "Na asibitin."

"In ka ƙare shi, ka zama likitan?"

"A'a Baba. Ko na ƙare ba zan rubuta magani ba. Aikina zama da mutum ne da sauraronsa, sannan a nemi mafita tare."

Ya dube ni sama da ƙasa. Gefen bakinsa ya ɗan motsa. Ya ce, "Saurare? To yau dai kai anka saurara, har Wurno ta ƙoshi." Ya juya ya nufi injin, yana cewa, "Cika takardar guda ɗaya ka gama ta. Kahin su kira ka, gobe akwai sauran ban-ruwa."

Na raka su Inna Hajo asibiti sau uku. Na ga likita ya duba ta ya rubuta mata abin da zai taimaka mata ta samu barci. Na ga wata masaniyar halayya ta shimfiɗa tabarma ta zauna a ƙasa kusa da ita, ba biro ba takarda, ta fara da tambayarta irin awakin da take kiwo a ƙauye, sannan ta nuna mini ƙofa da ido, na fita. Sauƙin bai zo rana ɗaya ba, kuma har yanzu akwai kwanakin da ba ta son magana, amma ta koma dafa abinci, har tana sayar da ƙuli-ƙuli ga ɗalibai a bakin ƙofa. Ni kuma neman farko ban samu gurbi ba. Na yi shekara ina taya wata ƙungiyar agaji aikin sa-kai a wajen 'yan gudun hijira, ina tafinta, ina jera tabarmi, ina kallon yadda waɗanda suka iya ke yi. A nema na biyu aka ɗauke ni.

Yanzu haka ina tsakiyar digiri na biyun, ina samun horo a asibiti. Makon farko, malamar da ke kula da mu ta karanto mana labarin wani marar lafiya, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana tambayar abin da ke damunsa. Abokan karatuna kowa ya zubo Turanci mai nauyi. Da ta zo kaina na ce, "Malama, ban sani ba tukuna. Sai na zauna da shi." Ta cire tabarau ta dube ni ta ce, "A ina ka koyi wannan amsar? Yawanci sai sun shekara a hannuna kafin su iya ta."

Na ce mata a wata makaranta ce a Wurno, kuma kwas ɗin na rana ɗaya ne.

Abin da na tsinta dai shi ne, "ban sani ba" da "ban kai nan ba tukuna" kalmomi ne da dole mutum ya furta su wata rana, ko ya so ko ya ƙi. Zaɓin da aka bar masa kawai shi ne, ko ya faɗe su da wuri, a zaune, ga mutum ɗaya, da busassun idanu, ko kuwa ya jira ya faɗe su ga gari guda, da majina, ta lasifikar haya.